Gargaɗi game da masu tallan yawon ganin al'adun Japan a Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan gargaɗi ne da izinin yayata, malamar makaranta da ta yi ritaya a Kano, wadda ta zuba wani kaso na kuɗin sallamarta a hannun wasu mutane da suka yi alkawarin kai ta yawon ganin al'adun ƙasar Japan, amma har yau ko ƙofar filin jirgi ba ta taka ba. Ba zan ambaci sunan da suke amfani da shi ba, domin maganar tana hannun hukuma, kuma sun riga sun sauya suna da hoton shafin nasu, saboda haka salon damfarar ne ya kamata a gane.

Tallan ya nuna tafiya ce ta kwana goma a farkon watan Afrilu, lokacin da itatuwan sakura ke fure, da ayarin mutum goma sha biyu kacal, da jagora mai jin Turanci da Japananci, da abincin halal. An jero Tokyo da Nara da Hiroshima da Kyoto, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar tun daga shekarar 794. An sa hotunan jajayen ƙofofin wurin bauta na Fushimi Inari, da barewar Nara da ke cin abinci a hannun baƙi, da jirgin ƙasan nan mai gudu, Shinkansen, har da alkawarin sallar Juma'a a masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935. Duk waɗannan wurare na gaskiya ne, kuma da su aka yi tarkon, domin duk wanda ya bincika a intanet zai same su kamar yadda aka faɗa, sai hankalinsa ya kwanta.

Maganar ƙaramin ayari ita ce makaminsu mafi kaifi. Ranar da yayata ta tuntuɓe su aka ce mata gurbi biyu ya rage, aka sa ta cikin wani zauren WhatsApp inda wasu da ake kira Alhaji wane da Hajiya wance suke ta turo rasit suna godiya, wata ma tana tambayar irin rigar sanyin da za ta saya. Daga baya muka fahimci mutum uku ne kawai matafiya na gaskiya a zauren, sauran lambobin duk nasu ne. Ta biya rabin kuɗin a asusun wani mutum, wai asusun kamfanin yana da matsala a wannan makon, sannan ta aika da fasfonta ta hannun direban mota zuwa Abuja domin a buga biza.

Lokacin da ta nuna mini jadawalin tafiyar a falonta, ta buga shi a takarda har ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin wuraren da take ɗokin gani, sai idona ya tsaya a kan rana ta huɗu, inda aka rubuta cewa ayarin zai hau ƙololuwar dutsen Fuji. Tsayin dutsen nan mita 3,776 ne, kuma daga Yuli zuwa farkon Satumba ake buɗe hanyoyin hawansa. A Afrilu ƙanƙara ce lulluɓe da kansa, babu jagoran kirki da zai kai dattijuwa can. Wanda ya haɗa furen sakura da hawan Fuji a tafiya ɗaya, hotuna ya tsinto ya jera, bai san ƙasar ba. Washegari muka kai takardar da suka kira tikiti wani ofishin sayar da tikitin jirgi, ma'aikacin ya shigar da lambar a kwamfuta, ya sake shigarwa, sannan ya juyo da allon ya nuna mana babu komai. Ya bayyana mana cewa ana iya kama kujera ba tare da an biya ba, takarda ta fito da suna da ranar tashi, amma bayan ɗan lokaci kamun ya faɗi da kansa, kuma tikitin gaske yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13 wadda kamfanin jirgin zai tabbatar da ita.

Akwai wata ƙaryar da ta fi wannan haɗari, wadda suke raɗa wa matasa a gefe: wai wanda ya shiga da wannan ayari zai iya zama ya yi aiki, saboda Japan ta ware wa 'yan Najeriya garin Kisarazu. Asalin zancen shi ne, a taron Japan da ƙasashen Afirka da aka yi a Yokohama a watan Agustan 2025, JICA, wato hukumar Japan mai kula da tallafa wa ƙasashen waje, ta haɗa garuruwa huɗu na Japan da ƙasashen Afirka huɗu domin musayar al'adu, Kisarazu ya faɗo wa Najeriya. Gwamnatin Japan ta musanta cewa akwai biza ta musamman a ciki, kuma a watan Satumba na shekarar JICA ta janye shirin baki ɗaya. Bizar ɗan gajeren zama ba ta wuce kwana 90, ba ta kuma ba da izinin aiki, sannan hukumomin Japan ne kaɗai ke yanke hukuncin bayar da ita, don haka duk wanda ya ce biza tabbas ce a hannunsa, ƙarya yake yi.

Akwai kamfanonin gaskiya da ke shirya irin wannan yawo, kuma ba sa jin haushin tambaya. Kafin a fitar da ko sisi, a duba rajistar kamfani a shafin hukumar CAC, a tabbatar sunan da ke kan asusun banki shi ne sunan da ke kan rajistar, a je ofishinsu da ƙafa, a tambayi ko suna cikin ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye. A nemi sunayen otal-otal ɗin, a rubuta musu kai tsaye a ji ko sun san da zuwan ayarin. A kuma tambayi ta inda za a bi, domin babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan, sai an yada zango a wurare irin su Adis Ababa ko Doha ko Dubai. Mutanen nan sun ce wa yayata daga Abuja sai Tokyo.

Wanda ya riga ya biya, ya sanar da bankinsa nan take, ya ɗauki hoton duk hirarrakin kafin a goge zauren, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, kuma kada ya ƙara biyan wani kuɗi da sunan za a mayar masa da na farko, domin wannan ma sun gwada a kan ɗaya daga cikin matafiyan. Ita yayata, ban da kuɗin da suka tafi, yanzu tana zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da hukumar shige da fice, tana neman takardun ɓatan fasfo domin a yi mata sabo kafin lokacin Umara.