Situdiyon da na kai Iya ta yi tatsuniya

Iya, kakarmu ta wajen uwa, ba ta lissafa shekarunta da takarda. Cewa take an haife ta shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka hauro tudu, wato 1945. Bara da ta yi jinya na tsorata ƙwarai, domin tatsuniyoyin da ta rene mu da su da waƙoƙin da ke cikinsu babu wanda ya riƙe su daidai a gidanmu. Na gwada ɗauka da waya, amma kukan awaki da ƙarar kabu-kabu suka cinye muryarta. Shi ne wani ƙanena ya nuna mini wani ƙaramin situdiyo a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, inda ake ɗaukar waƙoƙin biki, da ƙasidun ƴan Islamiyya, da tallan da ake kaiwa gidajen rediyo.

Ɗaki biyu ne kawai. Na cikin an liƙa masa soso da kwalin ƙwai a bango, akwai makirfo ɗaya mai kyau, sai kwamfuta a ɗakin waje da gilashi a tsakani. Mai wurin saurayi ne, bai fi shekara talatin ba. Mun daidaita a kan jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar, na dare uku, har da gyara da zubawa a katin waya.

Dalilin da ya zama dare shi ne abu na farko da ya sa na yaba masa. Ya ba mu ƙarfe goma na safe, Iya ta ce atafau ba a tatsuniya da rana, haka ta taras. Na zaci zai yi dariya. Sai ya durƙusa ya ce, “Iya, ki gafarce ni, bayan isha'i za mu yi, in Allah ya so.” Ya ɗage wasu samari masu rap zuwa safiya saboda ita.

Daren farko bai yi ba. An sa ta ita kaɗai gaban makirfo, an kashe fanka don kada iska ta shiga, ga zafin watan huɗu. Ta ce “Gatanan gatananku,” ta yi shiru tana jira, babu mai cewa “Ta zo mu ji ta.” Ta ci gaba dai, amma murya a bushe kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Shi da kansa ya tsayar da aikin. Ya ce gobe mu zo da jikoki, ya cire kujera ya shimfiɗa tabarma, ya sauko da makirfo daidai bakinta tana zaune a ƙasa. Washegari muka zo da yara biyar. Nan fa Iya ta dawo Iyar da na sani. Ta maƙale harshe tana tsamin bakin Gizo, ta yi faɗan Ƙoƙi, ta kumbura murya ta zama Dodo har autarmu ta ɓuya bayana. Inda waƙa ta zo, yaran suka ɗauki amshi ba wanda ya ce su yi. Ta gilashi na hango mai situdiyon ya dafe abin kunnensa yana murmushi, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Duk bayan tatsuniya biyu yakan buɗe ƙofa, ya kunna fanka, ya miƙo mata ruwa.

Akwai inda muka saɓa. Da na je karɓar aikin sai na tarar ya shimfiɗa fiyano a ƙarƙashin maganar, ya kuma goge muryarta da abin nan da mawaƙan zamani ke daidaita murya da shi, har rawar tsufa ta ɓace daga waƙoƙin. Ya yanke tarin da ta yi da dariyar yara, wai datti ne. Raina ya ɓaci sosai, don waccan rawar muryar ita na zo nema. Na faɗa masa. Bai yi gardama ba, kuma Allah ya sa ya adana ɗanyen ɗaukar, sai dai gyaran ya ƙara mini mako guda, an ɗauke wuta sau biyu batirinsa bai riƙe kwamfutar ba. Duk mai kai masa irin wannan aiki ya faɗa tun farko cewa ba ya son kiɗa, domin hannunsa ya saba da waƙar biki. A waƙa ɗaya kawai na yarda a sa ƙwarya, ita ma ƙanwar mahaifiyata ce ta kaɗa.

Mun fito da tatsuniya goma sha ɗaya da waƙar daka uku, sauti garau, kana jin har ƙarar awarwaronta in ta tafa. Na tura wa ƴan uwa a Tibiri da Madarunfa da Katsina ta WhatsApp. Kawuna da ke Agadas ya kira cikin dare, ya ce ya kai wajen “Ƙurunƙus” sai ya kasa riƙe hawaye. Bayan Sallah zan koma da Iya, ta ce akwai sauran tatsuniyoyin Kura da Zomo da ba ta yi ba, kuma na riga na ba da kafin alƙalami.