Kafin a Kai Baba ko Inna Gidan Kula da Tsofaffi a Ingila: Abin Dubawa da Abin Tambaya

A gida, kai tsoho gidan gajiyayyu abin gori ne. Amma wanda ke zaune a Landan ko Manchesta, shi da matarsa duk suna fita aiki, ga mahaifiya da ɓarin jikinta ya shanye, ba dangi kusa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ya san wata rana maganar za ta taso ko ana so ko ba a so. In ta taso, gara a zaɓa da ido biyu.

Gidajen ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aikinsa taimakawa da wanka, sa tufafi, abinci da ba da magani a kan lokaci. Babu nas a cikinsa, in an buƙace ta daga waje take zuwa. Akwai kuma gidan jinya, inda nas mai rajista ke bakin aiki dare da rana. Wannan ya fi tsada, sau da yawa yana haura fam 1,000 a mako, kuma shi ya dace da wanda ake ciyarwa ta roba ko mai gyambon da ke son wanki kullum. Zaɓi na uku shi ne wanda zuciyarmu ta fi kwanciya da shi: a bar tsoho a ɗakinsa, ma'aikata su riƙa zuwa sau biyu zuwa huɗu a yini, ko a ɗauki mai kwana a gidan. Yana da kyau muddin dare lafiya lau ne. Ranar da mai cutar mantuwa ya fara buɗe ƙofa ƙarfe uku na dare yana neman hanyar masallacin unguwarsu, ziyarar rabin awa ta daina wadatarwa. Kafin ku tsai da magana, ku nemi ƙaramar hukumarku ta auna buƙatun tsohon. Dokar kula da mabuƙata ta 2014 ta ɗora mata wannan aikin, kuma kyauta ne, ko mutum mai kuɗi ne ko talaka.

Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke sa ido kan gidajen a Ingila, kuma rahotanninta na intanet, kowa na iya karantawa. Matsayi huɗu take bayarwa: fitacce, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wanda ya gaza. Tana duba tsaron lafiyar mazauna, ingancin aiki, tausayi, biyan buƙatar kowa, da shugabanci. Ku karanta, amma ku fara da kwanan watan. Binciken da Dakta Penny Dash ta jagoranta a 2024 ya nuna yawancin matsayin da hukumar ta bayar sun tsufa, wasu wuraren ma ba a taɓa ba su matsayi ba. Gidan da ya samu yabo shekara biyar da suka wuce, ƙila tun daga lokacin an sauya manaja sau biyu. Ni a ganina, gidan da aka ce yana buƙatar gyara saboda takardu, amma aka yaba tausayin ma'aikatansa, ya fi wanda aka ce mai kyau ne alhali rahoton ya kwana biyu. In kuwa gazawar a ɓangaren magani ce ko yawan faɗuwar tsofaffi, ku wuce kawai. Sukotland da Wales na da nasu hukumomin daban.

Gani ya kori ji. Ku je sau biyu: na farko da alƙawari, na biyu ba sanarwa, lokacin cin abinci ko yammacin Asabar, sa'ad da manaja ba ya nan. Kada falon baƙi da furanni su ɗauke muku hankali, ku nemi a shiga da ku can ciki. Hanci zai fara ba ku labari. Zarni a ɗaki ɗaya da safe ba komai ba ne, amma in ya kama kafet da kujeru, ana barin mutane cikin jiƙa ke nan. Ku saurari ƙararrawar kira, ku ga minti nawa take yi kafin wani ya amsa. A wurin cin abinci, ku lura da tsohuwar da hannunta ke rawa: an zauna kusa da ita ana ba ta a hankali, ko an dire faranti an tafi, an dawo an ɗauke shi yadda yake? Kofin ruwa yana inda hannunta zai kai? Ku kalli farce, ku kalli baki, ku ga ko rigar jikin mutum tasa ce.

Duk wannan ga ma'aikata yake komawa, kuma a nan ne gida ya fi gida. Ku tambaya kai tsaye: mutum nawa ke aikin dare, ga tsofaffi nawa? Nawa ne na dindindin, nawa ake arowa daga kamfanonin haya? Manaja shekararsa nawa a nan? Ma'aikaciyar da ta shekara uku a wuri ta san Inna ba ta shan shayi sai ya huce, kuma ita za ta fara gane cewa shirun yau ba irin na jiya ba ne. Wanda aka aro na dare ɗaya, komai kirkinsa, sai ya duba takarda kafin ya san sunanta. Ga wanda ba ya iya juyawa da kansa, ku ce a nuna muku yadda ake rubuta lokutan juya shi, domin gyambon kwanciya a ƙugu da diddige yake farawa, kuma in ya zurfafa warkewarsa aiki ne. Manyan kamfanoni sun fi kayan aiki da gini mai kyau, ƙananan gidaje sun fi sanin mutum da mutum, amma kowanne akwai na kirki akwai na banza.

Sai abin da ya shafe mu. Kusan kowane gida zai ce yana ba da abincin halal. Ku tambayi mai dafawa, ba mai karɓar baƙi ba: daga ina naman yake zuwa, ko kuwa kifi da ganye za a yi ta ba Baba har ya rame? Za a yarda ku kawo tuwo ko kunu daga gida? Mace ce za ta yi wa Inna wanka ko da dare ne? Akwai buta a bayi, akwai mai taimaka mata da alwala? Harshe ma abin dubawa ne, don mai cutar mantuwa yakan saki Turancin da ya koya da girma ya koma harshen uwa. Ma'aikata 'yan Najeriya da Gana suna da yawa a wannan aikin, ba laifi a tambaya ko akwai mai jin Hausa. Maganar rasuwa kuma, ko da nauyi, a yi ta tun yanzu, a rubuta wanda za a kira da cewa ba ma jinkirta jana'iza. Tun Afrilun 2024 doka ta wajabta wa gidajen sauƙaƙa ziyara, saboda haka wanda ke ƙunci da zuwan dangi abin tuhuma ne.

Batun kuɗi: a Ingila, mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Ƙasa da haka ƙaramar hukuma na sa hannu, in kuma dukiyar ta gaza fam 14,250 kuɗin shigarsa kawai ake dubawa, kamar fansho. Ba a lissafa gidan tsohon cikin dukiyarsa in miji ko mata na zaune ciki. Wanda aka tabbatar yana buƙatar nas, hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, na biyan wani kaso kai tsaye ga gidan jinyar, in kuma larurar lafiya ce ta rinjaya akwai tsarin da NHS ke ɗaukar komai, sai dai samunsa da wuya, kuma sau da yawa sai an nema. In gidan da kuka zaɓa ya fi abin da hukuma za ta biya, za a ce wani ɗan'uwa ya cika. Kada ku sa hannu sai kun ji yadda kuɗin ke ƙaruwa duk shekara, ko ana biya in an kwantar da tsoho asibiti, da kwana nawa ake ci gaba da caji bayan rasuwa. Gidaje da dama na karɓar mutum na mako biyu ko huɗu don iyali su huta. Ku fara da wannan kafin yarjejeniyar dindindin, ku riƙa leƙawa a lokuta daban-daban, har da bayan isha'i.