Koyon aiki a Bauchi: gidan rediyo ko wajen wakilin jarida?

Ɗalibin aikin jarida a Bauchi yakan zaɓi gidan rediyo, kamar BRC ko Globe FM, ko ya bi wakilin jarida.

A rediyo kunne ake rubuta wa. Jimla gajera, majiya a gaba, adadi a dunƙule: naira 4,980,000 ta zama "kusan miliyan biyar". Mai sauraro ba ya iya komawa baya, don haka jimlar da ta ci numfashi biyu a raba ta. Kullum akwai edita a kanka, shi ya sa hannu ya fi saurin faɗawa.

Jarida kuwa cikakken adadi take so, da suna da muƙami, muhimmin zance a sakin layin farko, domin daga ƙasa edita ke yankewa. Sai dai wakili yana yawon neman labari, da wuya ya zauna gyara maka rubutu.