NBA 2K25 da gardamar fada: a kan wa za ka gina ƙungiya?

A fadojin Yamai, in matasa masu bin ƙwallon kwando suka zauna shan shayi, gardamar Jordan da LeBron ba ta ƙarewa, domin tambayar "wa ya fi" kowa da ma'auninsa. Tambayar da ta fi kama hannu ita ce: an ba ka ƙungiya fanko, an ce ka ɗauki saurayi ɗaya ka gina komai a kansa har shekara goma sha biyar, wa za ka ɗauka? Sashen MyNBA Eras na NBA 2K25, wasan bidiyo na gasar ƙwallon kwandon Amurka (NBA), don wannan aka yi shi, kuma shi kaɗai ne dalilin da zai sa mutumin Yamai ko Tawa ya kashe kuɗinsa a kan faifan.

Gargaɗi tukuna, don da yawa sun yi asara a nan. Sashen yana cikin bugun PS5 da Xbox Series da na kwamfuta. Bugun PS4 ba shi da shi, ko da kwalin ya yi kama. Mai saye a Babbar Kasuwa ko a hannun masu kawo kaya daga waje ya duba saman kwalin da kyau kafin ya miƙa kuɗi. Wasan ya fito a Satumban 2024, ya wuce gigabait 100, kuma da an saka faifai sai ya nemi sabuntawa mai nauyi. Da datar waya wannan ciwon kai ne, gara a kai na'urar inda akwai intanet mai ƙarfi a bar ta ta kwana. Kantin PlayStation bai san Nijar ba, shi ya sa akasari ake buɗe asusu da adireshin Faransa. Rubutun allo ana iya mai da shi Faransanci, amma masu sharhi Turanci suke yi. Abin daɗin shi ne da zarar an gama saukewa, wannan sashe ba ya neman intanet, ba ya kuma neman kuɗin cikin wasa da ake tatsar mutane da su a sauran sassan.

Zamani shida ake ba ka: na Magic da Bird daga kakar 1983, na Jordan daga 1991, na Kobe daga 2002, na LeBron daga 2010, na Curry daga 2016, sai na kakar 2024. Kowanne da rigunansa da filayensa da launin hoton talabijin na lokacin. Wannan ado ne. Naman yana cikin dokoki, domin wasan yana canza su shekara bayan shekara kamar yadda aka yi a gaske, yana kuma tambayarka ko ka yarda ko ka hana. Ka fara a 1983 da ƙungiyoyi 23, Miami da Charlotte su shigo a 1988, Orlando da Minnesota a 1989, Toronto da Vancouver a 1995.

Dokokin nan su ne ke fayyace wanda ya cancanci zama ginshiƙi. Kafin 2001 an haramta tsaron yanki: mai tsaro ko dai ya manne wa mutuminsa, ko ya je gaba ɗaya su taru biyu a kan mai ƙwallo, amma ba ya tsayawa tsakani yana gadin fili. Ma'anarsa dogon da ke wasa a gindin kwando, wanda ƴan wasanmu ke kira pibo, yana samun mutum ɗaya tak a bayansa da fili isasshe. Ga shi kuma an yarda mai tsaro ya dafa hannu a ƙugun mai gudu da ƙwallo ya rage masa sauri, abin da aka tsananta hana shi a 2004. Shi ya sa a wancan zamani duk mai hankali dogo yake nema. Da manet, abin sarrafa wasan, a hannu za ka ji bambancin: a kakar 1991 ka miƙa wa pibo ƙwallo, ya juya baya, ya tura sau biyu, babu mai kawo ɗauki sai an bar wani a sake. A kakar 2016 ka yi haka, kafin ya juyo hannaye uku sun rufe shi.

A zamanin farko, kaka ɗaya kawai za ka buga ka iske zaɓen sabbin ƴan wasa na 1984, kuma nan ne gardamar take da daɗi. Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a lamba ɗaya. Portland ta ɗauki Sam Bowie, Chicago ta samu Michael Jordan a lamba uku. Ana yi wa Portland dariya har yau, amma babu mai zagin Houston, kuma akwai dalili. Houston ta tashi daga nasara 29 a kaka zuwa 48 a shekarar Hakeem ta farko, a ta biyu ta fitar da Lakers ta kai wasan ƙarshe na 1986. Chicago ta tashi daga 27 zuwa 38, kuma sai da Jordan ya yi kaka bakwai, aka kawo masa Scottie Pippen da Horace Grant a 1987 da koci Phil Jackson a 1989, kafin kofin farko a 1991. Pibo irin Hakeem yana gyara tsaron ƙungiya tun ranar da ya sa riga, ko da abokansa ba su da kirki. Jifa 3,830 ya tare a rayuwarsa, babu wanda ya kai shi a lissafin da aka fara riƙewa. A 1994 ya haɗa kyautar gwarzon kaka da ta gwarzon tsaro da ta gwarzon wasan ƙarshe a shekara guda, a 1995 ya sake ɗaukar kofi daga matsayi na shida a yankinsu, kuma yana buga wasanni da azumi a baki in Ramadan ya zo cikin kaka.

Duk da haka wanda ya ɗauki Jordan bai yi kuskure ba, kofi shida ba wasa ba ne, ga matsakaicin maki 30.1 a kowane wasa. Sai dai a riƙe abu biyu. Ya ajiye ƙwallo a 1993 yana kan ganiyarsa, bai dawo ba sai Maris 1995. Kuma a kakar da ba ya nan, Chicago Bulls ta ci wasa 55 bayan ta ci 57 da shi. Wannan ba rage masa daraja ba ne, yana nuna cewa an gina masa gida mai ƙarfi, shi kuma ya kai gidan inda babu wanda zai kai shi. A cikin wasan, in ka ɗauki Jordan kana buƙatar haƙuri da iya ciniki na shekara huɗu ko biyar. In ka ɗauki Hakeem, kana cikin masu neman kofi da wuri.

LeBron James akasin haka ne. Ka fara a 2002, ka sha kashi kaka ɗaya, ka yi fatan ƙuri'ar da ake yi wa ƙungiyoyin da suka faɗi ta ba ka lamba ɗaya a zaɓen 2003. Babu wanda ya kai shi ɗaukar ƙungiya maras ƙarfi a kafaɗa: ya kai Cleveland wasan ƙarshe a 2007 yana ɗan shekara 22, kuma da ya tafi a 2010 ƙungiyar ta faɗo daga nasara 61 zuwa 19. Daɗewarsa ma ba ta da tamka, a Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar. Amma kofunansa huɗu a birane uku aka rarraba su. Mai ƙungiya ba shekarun ɗan wasa yake saye ba, shekarun da zai yi a gidansa yake saye. Haka Shaquille O'Neal: ya ɗaga Orlando daga 21 zuwa 41 a shekara guda, ya kai ta wasan ƙarshe a 1995, a 1996 ya kama hanyar Lakers ya bar ta da hannu rabbana.

A nan ne babban raunin wasan yake. Yana da ma'aunin biyayya da na son kuɗi da na son nasara, amma cikin sauƙi kake riƙe tauraro in ka ba shi kwantiragi mafi tsoka kana kuma cin wasanni. Saboda haka LeBron da Shaq sun fi kyau a allo fiye da yadda suka yi wa ƙungiyoyinsu na farko, kuma Tim Duncan ya fi kowa cutuwa. A ra'ayinmu, in tarihi za a bi, Duncan ne amsar tambayar. Kaka 19 a San Antonio, kofi biyar daga 1999 zuwa 2014, ba su taɓa rasa zagayen fidda zakara ba, kuma kowace kaka sun ci wasa 50 ko fiye, in ban da ta 1999 da aka taƙaita zuwa wasa 50 suka ci 37. Ya ci kofi a dokar tsohon tsaro, ya ci bayan an halatta tsaron yanki, ya ci a zamanin jifan nesa, ya kuma yarda an rage masa albashi a ƙarshe don a riƙe abokansa. Babu lamba a allo da ke auna wannan hali. Mai son samunsa ya fara a 1991 ya jira 1997, ya kuma san cewa ba lallai ya faɗa San Antonio ba, domin a gaske raunin tauraronsu David Robinson ne ya jefa su nasara 20 har suka samu lamba ɗaya.

Stephen Curry kuwa wasan yana kumbura shi in ka mai da shi baya. A kakar 1983 ƙungiya ba ta jifan maki uku ko sau uku a wasa, yau ana yin sama da 35. Larry Bird ya zura 649 a kaka 13, Curry ya zura 402 a kakar 2015 zuwa 2016 kaɗai. In ka saka shi a 1983 da dabi'ar jifansa ta yau, masu tsaron kwamfuta suna ja baya suna gadin kwando, shi kuma yana ta ruwan ƙwallo daga mita bakwai da ɗoriya. Sakamakon yana burgewa amma ba hujja ba ce, don kocin gaske zai canza tsari cikin mako biyu, ga kuma hannun da za a dafa masa a ƙugu. Abin da wasan ya kama daidai shi ne kuɗi. Iyakar albashin ƙungiya ta fara da dalar Amurka miliyan 3.6 a 1984, ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa kusan 94 a 2016. Curry yana kan kwantiragin miliyan 44 na shekara huɗu da ya sa wa hannu a 2012 lokacin da idon sawunsa ke damunsa, kuma wannan arha ce ta buɗe wa Kevin Durant ƙofar shiga ƙungiyar Curry, Golden State.

Mai son gwaji na adalci ya yi haka. Ya zaɓi ƙungiya ɗaya maras ƙarfi, ita zai riƙa amfani da ita ga kowa. Ya ƙirƙiri ɗan wasa ya kwafo masa siffa da ƙwarewar gwarzon da yake so, har su Bill Russell da Wilt Chamberlain ana samunsu cikin tsofaffin ƙungiyoyi ko da zamaninsu ba ya cikin shidan. Sannan, kuma nan aka fi kuskure, ya mai da shekarunsa 20 ko 21, ya sauke lambobinsa zuwa na sabon shiga, ya bar ma'aunin bunƙasa a sama. In ba haka ba, Jordan na 1996 kake gwadawa da LeBron ɗan shekara 18. Ya sa tsawon kwata na wasannin da kwamfuta ke bugawa a minti 12, ya bar rauni a kunne, ya gudanar da kaka goma aƙalla sau uku ga kowane gwarzo, domin karaya guda tana iya rushe gwaji ɗaya. Ya ƙirga nasarori da nisan da aka kai a zagayen ƙarshe, ba makin mutum ba.

Akwai sauran aibobi. Charles Barkley ba ya ciki saboda bai ba da izinin sunansa ba, ke nan lamba biyar ta 1984 da Phoenix ta 1993 sun zama ramuka, kuma akwai wasu tsofaffin da aka cike gurbinsu da baƙin fuskoki. Ƙungiyoyin kwamfuta suna cinikin da ba ya kan hanya, wani lokaci su tara dogaye uku babu mai rabon ƙwallo, kuma bayan shekara goma tarihin yana kaucewa har ka daina gane shi. Maganin shi ne ka karɓi ragamar dukkan ƙungiyoyi ka hana cinikin banza, aiki ne mai cin lokaci.

Sai batun wuta da zafi. PS5 tana jan kusan wat 200 in ana wasa, kuma in wuta ta ɗauke daidai lokacin da take ajiye bayani, aikin kaka goma na iya lalacewa. Ondilar, na'urar ajiye wuta, mai ƙarfin VA 1000 ta isa ta riƙe na'ura da talabijin ƴan mintunan da za ka ajiye ka kashe. Ka riƙa kwafar ajiya a gurbi na biyu ƙarshen kowace kaka. A zafin Afrilu da Mayu kada a sa ta cikin akwatin tebur, a bar mata iska ta ko'ina, kuma bayan hunturu a cire murfin a zuƙe ƙurar da ta taru a ramukan da aka tanada don haka.

Kamfanin yana rufe intanet ɗin kowane bugu bayan shekara biyu da ƴan watanni, na 2K23 an rufe shi a ƙarshen 2024. Sashen zamunna yana ci gaba da aiki bayan haka, abin da ake rasawa shi ne jerin ƴan wasa da sauran masu wasa suka gyara suka ɗora, inda ake samun su Barkley. Mai saye ya sauke waɗannan tun ranar farko ya ajiye. Wanda yake da 2K24 kuma ba ruwansa da zamanin Curry, babu abin da zai sa ya sake saye.