Na ciro rahoton bashina kafin in nemi katin bashi, ga yadda na ga aikin

Jama'a duk wanda banki ya taɓa ce masa sunanka na da matsala ya koma gida yana zargin maƙiya, don Allah ya ciro rahoton bashinsa ya karanta da idonsa. Ni na gwada daga wayata a nan Gombe kuma gaskiya aikin ya yi, duk da akwai inda nake da ƙorafi, zan faɗa.

Kamfanoni uku ne CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta ba lasisin haɗa wannan rahoto, CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da maikurofainans da wasu manhajojin rancen nan na waya duk suna tura musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya karɓa, ya biya kan lokaci ko ya yi latti, komai a ɗaure da BVN ɗinka. Kamar littafin bashin mai shagon unguwa ne, sai dai shi wannan duk bankin da ka je neman rance zai iya buɗawa. Kuma dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara, haƙƙinka ne ba alfarma ba, amma ka tambayi mutanen layinku ka ji ko akwai wanda ya sani.

Na shiga shafin ɗaya daga cikinsu, na cike suna da BVN da lambar waya da imel, rahoton ya shigo imel ɗina ban je ofishin kowa ba. Na kai wani shagon kwamfuta a Jekadafari aka fitar min a takarda don a waya rubutun ƙanana ne. Layi layi ne abin, sunan wanda ya ba ka rancen, ranar da ka karɓa, abin da ya rage, sai wani gurbi da ke nuna ko ka taɓa latti da kwana nawa. Akwai kuma maki da suke ba mutum, na CRC daga 300 ne zuwa 850, yawan makinka yawan yardar da banki zai yi da kai.

A nan ne fa na ga abin da ya tayar min da hankali. Wani ƙaramin rance da na karɓa a wata manhaja na biya shi tas tun tuni, alat ɗin ma na nan a wayata, amma a takarda yana zaune wai ana bi na, kwanakin latti sai taruwa suke. Wato da na je neman kati haka nan da an ce min a'a kawai, in fito ina ta mamaki.

Su kamfanonin rahoton ba sa goge abu don ka roƙe su, abin da mai ba da rancen ya turo shi suke rubutawa. Don haka wajen masu manhajar na koma, na tura musu hoton shaidar biya na nemi takardar da ke nuna ba sa bi na komai, aka yi ta jan ƙafa, yau a ce gobe, gobe a ce wanda ke kula da sashen ba ya nan, sai da na matsa sosai sannan ta fito, na haɗa ta da ƙorafin da na shigar wajen kamfanin rahoton, daga baya da na sake dubawa an rufe layin bashin a rahoton. Sai an yi haƙuri wallahi. Kuma kar ka duba waje ɗaya ka ce shikenan, wani mai ba da rancen wa kamfani ɗaya yake turawa, alhali CBN ta ce banki ya duba aƙalla guda biyu kafin ya ba da bashi.

Ƙorafina babba shi ne komai da Turanci ne, Turancin ma irin na 'yan banki. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi da ke loda tirelolin masara da wake bai da imel, in ma an fitar masa da takardar sai ya nemi mai karanta masa, ya tona asirin cinikinsa a gaban wani. Me zai hana a yi bayanin da Hausa? Wannan giɓin ne 'yan damfara suka samu, za ka ji mutum na cewa kawo dubu kaza in cire ka daga bilaklis, ina da mutum a ciki. Ƙarya ce, kar ka ba shi kuɗinka, kar ka ba shi BVN ɗinka. Bashin da ka ci da gaske biya ne kaɗai maganinsa, ko ka zauna da masu shi ku tsara biya kaɗan kaɗan a rubuce.

'Yan uwa da suka karɓi rancen korona ta NIRSAL a 2020, da yawa an ce musu kyauta ce daga gwamnati, to rance ne. Kuma tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin GSI da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga wani asusunka na wani bankin in ka ƙi biya, sauya banki ba ya ɓoye mutum. Haka wanda ya tsaya wa wani garanto, ya riƙa bibiya ko ana biya, sunansa ne a ciki.

Batun katin bashin kansa, wato katin da kake kashe kuɗin banki da shi ka biya daga baya, galibin bankuna mai albashi suke ba wa, su duba abin da ke shigo maka duk wata su duba rahoton sannan su yanka maka iyaka. Wanda sunansa bai daɗe da wankuwa ba ya karɓi ƙaramar iyaka, kar ya cinye ta duka, ya biya gaba ɗaya kafin wa'adi ba ɗan mafi ƙarancin nan da suke rubutawa ba, don ragowar ita ake ɗora wa ruwa. Kar kuma ya bi bankuna yana nema ko'ina a lokaci guda, duk wanda ya duba ka yana fitowa a rahoton. Watanni na biya kan lokaci su ke ɗaga maki har a kai ga babban kati.

Ni kam maganar ruwan nan tana damuna ƙwarai, shi ya sa har yanzu ban karɓi katin ba, wanda ke da irin wannan damuwar ya zauna da malaminsa tukuna. Amma ko bankunan da ba sa ruwa irin Jaiz ko TAJBank za ka je neman murabaha su saya maka babur ko kayan shago, su ma sai sun duba wannan rahoton, don haka ka riga su dubawa, kuma duk rancen da ka gama biya ka karɓi takardar shaida a ranar ka adana.