Tsohuwar taya a ginshiƙin kankare: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Hanyoyi uku ake bi wajen sa tsohuwar taya a aikin fila, kuma ko kusa darajarsu ba ɗaya ba ce.

Garin robar da ake zubawa a madadin yashi, ka bar wa filin wasa. Roba ba ta kama siminti, ƙarfin kankare raguwa yake yi gwargwadon yawan da aka zuba. Wayar taya da ake datsawa ƙanana a cakuɗa da kwaɓi, wadda Jami'ar Sheffield ta Ingila ta daɗe tana bincike a kanta, tana rage tsagewa, sai dai ta fi dacewa da daɓe, kuma dunƙulewa take yi idan da shebur ake kwaɓin.

Ni dai zaɓina taya sukutum a matsayin zobe. Ana jera tayoyi masu girma ɗaya a kan juna, rodin tsaye yana cikinsu, sannan a zuba kankare. Idan nauyi ya danne ginshiƙi, kankaren kumbura yake yi ta gefe kafin ya fashe, ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye rodin tsaye, shi ne ke ɗaure shi, kuma aikin da taya za ta yi ke nan. Tayar radiyal, wadda kamfanin taya na Michelin ya ƙirƙiro a 1946, tana da ɗamarar ƙarfe a ƙarƙashin inda take taka ƙasa, ga wata kakkaurar waya a bakinta inda ta kama rim, duk roba ta lulluɓe su daga danshi. An gwada irin waɗannan ginshiƙai a Jami'ar Ottawa ta Kanada da jijjiga mai kama da girgizar ƙasa, suka lanƙwasa sosai ba tare da sun tarwatse ba. Ka kuma huta da sayen katakon kafinta.

Amma fa a nan maha'inta suke jiranka. Tayar babur da ta keke Napep galibi zare ne a ɗamararsu, don haka kada ka je wurin mai faci ba tare da maganaɗisu ba. Ka ɗora shi a gadon tayar. In bai kama ba, ka wuce. Wadda wayarta ta leƙo ta yi tsatsa ma ka ajiye ta. Wayar da aka ƙona taya aka ciro kuwa, kada ka karɓa ko kyauta, domin wuta ta riga ta cinye ƙarfinta, ko da an kankare ta tana ƙyalli.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne birkilan da ya taɓa rage mini rodi, wai taya ta wadatar, ya soke sauran kuɗin a aljihu. Taya ba ta maye gurbin rodin tsaye, ɗaure kankare kawai take yi. Ka ƙirga rodinka da idonka ranar zubi, ka tabbata an soka kwaɓin ya cika kowane lungu na tayar, domin ramin da aka bari a ciki ba ya ganuwa daga waje. Roba tana cin wuta, dole a sa raga a yi mata filasta mai kauri. In bene za ka ɗora, sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya yi lissafi ya sa hannu kafin ka sayi ko taya ɗaya.