Injin goge duwatsu: gwani ne a kan tsakuwa mai tauri, amma yana cinye burbushin halittu

Duk mai tsintar duwatsu a bakin tafki ya san wannan takaicin. Dutsen da ka ɗauko a jiƙe, launinsa ya fito raɗau, kafin ka isa gida ya bushe ya koma toka-toka, har a riƙa tambayarka me ka gani a jikinsa. Abin da ya sa na sayi injin goge duwatsu ke nan, ƙaramin nan mai gangar roba guda ɗaya da ke ɗaukar fam 3, wato kilo ɗaya da 'yan kai. A jikin kwalinsa an jera hotunan duwatsun bakin ruwa iri-iri suna walƙiya, sai ka ɗauka duk abin da ka zuba haka zai fito. To, ba haka ba ne, musamman ga wanda ke tsinta a gaɓar Tafkin Mishigan na Amurka kamar ni, inda yawancin abin da ke ɗaukar ido burbushin halittun ruwa ne da suka zama dutse.

Aikinsa ba wuya. Za ka zuba duwatsu su kai kashi biyu cikin uku na gangar, ka sa ruwa ya kusa rufe su, ka zuba garin gogewa, ka rufe, ka bar shi yana juyawa dare da rana. Garin silikon kabayid ne, kuma hawa-hawa ake bi: mai kaushi mai lamba 60/90, sai 120/220, sai 500, daga ƙarshe garin sheƙi na alminiyam oksayid. Kowane hawa kan ci kamar mako guda, don haka mai gaggawa ya haƙura tun yanzu. Sauƙin da tsakuwar bakin tafki ke da shi, igiyar ruwa ta riga ta sassaƙe mata kaifi, saboda haka hawan farko ba ya daɗewa kamar na dutsen da aka fasa da guduma.

A kan duwatsu masu tauri ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Agat, irin wanda ake sa wa zoben aƙiƙ, ya fito da zanensa layi-layi, ja da fari, yana ƙyalli ko a bushe. Haka jasfa da farin kwaz, 'yan uwan agat a tauri. Giranit ne ya ɗan ba ni kunya: wani sashe ya yi sheƙi, wani ya yi ramuka-ramuka, domin ma'adinan da suka haɗu a cikinsa taurinsu ba ɗaya ba ne, mai laushin ya riga sauran zaizayewa.

Wannan maganar tauri ita ce takardar da ke cikin kwalin ta tsallake. Tun 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Kwaz da agat suna wajen 7. Kalsait, wanda shi ne jikin yawancin burbushin da ake samu a wannan gaɓar, yana 3 kacal. Garin gogewa kuwa ya haura 9. Ka haɗa ukun nan a ganga ɗaya ka ga wanda zai sha wuya.

Ɗauki dutsen Petoskey misali, wanda jihar Mishigan ta mayar dutsenta na hukuma a 1965. Murjani ne da ya rayu fiye da shekara miliyan 350 da suka wuce, lokacin da yankin ke ƙarƙashin teku mai ɗumi marar zurfi. Daga baya ƙanƙarar da ta mamaye arewacin Amurka ta ɓamɓaro shi daga shimfiɗar dutse ta warwatsa, ruwan tafki ya ƙarasa mulmule shi. Kyansa duk yana cikin zanen nan mai kusurwa shida-shida, kowane gida da baƙin ido a tsakiya da siraran layuka da ke fita daga gare shi. Da gangan na jefa wasu marasa kyau cikin gangar tare da agat don in ga ƙarshensu. Sun fito sun rame, gefensu ya farfashe, fuskarsu ta yi fari-fari da tabon duka, sheƙi kuwa babu. Dutsen Charlevoix, ɗan'uwansa mai ƙananan gidaje irin na saƙar zuma, bai fi shi sa'a ba. Su kuwa ƙananan ƙawanyoyin kirinoyid, gaɓoɓin jikin wata dabbar teku mai kama da fure, masu huji a tsakiya, wasu ma ban sake ganinsu ba, sun narke cikin laka.

Da hannu ake gyara irin waɗannan. Samfefar ruwa mai lamba 220, sai 400, sai 600, kana gogewa kana tsomawa a ruwa, sannan ka ɗan barbaɗa garin sheƙi a kan ƙyalle mai laushi ka murza. A zama ɗaya za ka gama dutse guda, kuma kana ganin zanen yana fitowa, ka tsaya inda ya kamata. Wasu kan sa su a injin su kaɗai, su fara daga gari mai laushi, suna dubawa kullum, sannan su ƙarasa da hannu. Yana yiwuwa, sai dai ni ban ga ribar ba. Kafin ka zuba komai, gwada shi da bakin wuƙa a wani lungu: in ƙarfe ya karce shi, ajiye shi gefe. Akwai burbushin da silika, wato sinadarin da ke jikin kwaz, ta maye gurbin jikinsu, wuƙa ba ta kama su, kuma waɗannan sukan fito da kyau daga injin.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ne za ka zauna da su kullum. Gangar roba ta rage ƙara, duk da haka ba abin ajiyewa kusa da ɗakin kwana ba ne. Injin yana ɗumi, bai taɓa yin zafin da zai tayar min da hankali ba. Bel ɗin da ke juya shi siriri ne, ya fara saki da wuri, gara ka tanadi na canji. Garin da aka haɗo da shi na zubi ɗaya ne, na sheƙin kuma bai kai wanda na saya daban ba. Murfin yakan kumbura wani lokaci saboda iskar da ke taruwa a ciki, sai an buɗe an sake rufewa. Abu ɗaya da takardar ta faɗa daidai, har da manyan baƙaƙe: kada a zuba lakar a magudanar ruwan gida, domin takan daskare ta toshe bututu. Wanke duwatsu da gangar tsakanin hawa da hawa ma ba wasa ba ne, ƙwayar gari mai kaushi ɗaya in ta maƙale a tsaga za ta karce maka aikin mako uku.

Wani abin da injin nan ke jawowa shi ne kwaɗayi, tunda ganga na son a cika ta. A filayen jihar Mishigan doka ta ƙayyade wa mutum fam 25 a shekara, kimanin kilo 11. A 2015 ma hukuma ta karɓe wani ƙaton Petoskey mai fam 93 daga hannun wanda ya ciro shi daga tafkin. A Sleeping Bear Dunes kuwa, wani wurin shaƙatawa a gaɓar tafkin, da yake wurin na gwamnatin tarayya ne, ba a ɗaukar ko ɗaya.

Wanda ke yawo a gaɓar Tafkin Superior, da ke arewa da namu, yana neman agat, injin zai biya masa buƙata, kuma zan ce ya saya. Wanda kuwa bokitinsa murjani ne da kirinoyid, ya sayi samfefa da ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10, ya riƙe sauran kuɗinsa.